Ranar da Na Huda Farin Yumɓu

Kai Nasiru, sake faɗa in ji. Wai haƙar rijiya haƙa rami ce kawai, duk wanda ya ci ya ƙoshi ya samu diga zai iya? To madalla. Jawo bencin nan, ku ma ku matso, tunda yau babu mai a baburanku kun zo kun tare mini inuwa. Shekara arba'in da ɗoriya ina shiga cikin ƙasa ina fitowa, kuma duk wanda na ji yana raina aikin nan, in ka bincika bai taɓa tsayawa a gaba goma ya ɗaga kai ya ga sama ta koma kamar bakin kofin shayi ba.

A nan Sabo ta Ibadan aka haife ni, kamar ku. Mahaifina ɗaurin goro yake yi, ni kuwa hannuna ba ya lallashin ganye, duk huhun da na taɓa sai na yaga. Da ya gaji sai ya kai ni wurin Maigida Iro, wani Bakatsine gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ya haƙa rijiyoyi daga Mokola har Ojoo. Shekara biyu cur bai bar ni na sa ƙafa a rami ba. Ina sama ina jan bokiti, ina zubar da ƙasa, kuma duk bokitin da ya fito sai na damƙi ƙasar na gaya masa sunanta: jar ƙasa ce, marmara ce, tsakuwa ce, yashi ne mai zubowa. In na yi kuskure ya leƙo daga ƙasa ya ce, "Tanko, uwarka ta haifi makaho, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Kayan aikin ba su da yawa. Diga mai gajeriyar ƙota, don a ƙasa babu filin ɗaga hannu. Dagi na ƙarfe. Shebur da aka yanke wa ƙota. Bokitin ƙarfe, ban da na roba, don na roba hannunsa yana tsinkewa ba sallama. Igiya biyu, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta mutum, kuma har abada ba a musanya su. Sai fitila. Kullum da safe fitila ce take fara sauka kafin ɗan Adam. In ta kai ƙasa tana ci, bismilla. In ta yi lumshe-lumshe ta mutu, to iskar ramin ta ɓaci, sai a ɗaura reshe mai ganye a yi ta jan shi sama da ƙasa har iska ta sauya.

Akwai wata rijiya da muka je yasa a bayan kasuwar Bodija, gidan wata mai sayar da manja. Fitila ta sauka lafiya, na bi ta. Ina ƙasa ashe ɗan matar ya jawo janareta ya tayar a gindin rijiyar don ya goge kaya, bakin hayaƙin yana kallon ramin. Ban ji warin komai ba. Na dai ji barci mai daɗi yana ɗibata. Audu Dogo, abokin aikina tun muna hannun Maigida, shi ke riƙe da igiyata. Ya ji ta yi shiru a hannunsa, bai tsaya kiran sunana ba, ya fizgo ni kamar buhun albasa. Na farka a kan siminti matar tana ta "e jo, e jo", ban haƙuri da Yarbanci, tana yayyafa mini ruwa. Wannan shi ne mai jan igiya, Nasiru. Ba wanda zai riƙe ka da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan ba.

Amma rijiyar da zan ba ku labarinta ba a cikin gari take ba. In ka bar Ojoo ka miƙa arewa, ka yi awa guda da wani abu, akwai 'yar hanyar jar ƙasa da take ratsewa hagu, ta haye wata gadar katako, ta ƙare a wani ƙauyen manoma. Gidajensa ba su fi talatin ba. Doya, rogo, masara, da 'yan itatuwan kashu. A lokacin matan garin a rafi suke ɗebo ruwa, tafiya mai nisa ta cikin kurmi, ga kurkunu ya kwantar da rabin mazansu. Limaminsu, Alfa Raimi, yana saurayi sabon aure, shi ya zo Sabo da ƙafarsa neman mai haƙa, da 'yar Hausarsa ta tsince-tsince da ya koya wurin fataken doya.

Maigida ya yi yini guda yana zagaya garin. Ya dubi inda ɓaure ya tsaya, ya dubi inda gara ta yi suri, ya tsuguna ya shinshina ƙasa. Can ya dangwala dagi kusa da masallaci ya ce nan. A wannan rijiyar ce ya fara barina in ja gaba a ƙasa. Mun wuce jar ƙasa, mun sha wuyar marmara, a gaba shida tsakuwa ta fara zufa, ruwa ya fara tsattsafowa ta ko'ina har ya rufe mini idon sawu. Murna ta kama ni, na ɗaga dagi zan ƙara zurfi. Bakin dagin ya fito da wani abu fari tas.

Maigida ya leƙo ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Farin yumɓu, Maigida, mai santsi kamar sabulu."

Ya daka mini tsawar da ta cika ramin: "Ajiye dagin nan!"

Ya sauko da kansa, mu biyu a matse, ruwa yana taɓa mana ƙwauri. Ya lakato yumɓun ya shafa mini a tafin hannu. Ya ce ruwan wannan yankin duka a kan wannan shimfiɗar yake zaune, kamar ruwa a cikin tasa. Ƙarƙashinta busasshiyar tsakuwa ce mai ƙishirwa. Ya ce ya taɓa ganin garin da aka huda ta, rijiya uku suka ƙafe a rani guda. "Ka huda ta a wuri ɗaya, ka huda wa kowa. In ka ga farin yumɓu, aikinka ya ƙare, ka yi hamdala ka fito."

Muka ɗaure rijiyar da zoben siminti, aka yi mata baki. Iya Sikira, amaryar Alfa, ita ta ja gugan farko, ta kai wa surukarta, tsohuwar ta sha ta fashe da kuka. Aka daka mana sakwara har muka kasa tashi. Direbobin doya suka fara ce wa garin Aba Onikanga, wato ƙauyen mai rijiya, sunan ya bi shi. Bayan Maigida ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni na gaji yasar rijiyar. Duk shekara kafin damina nakan je in kwashe laka, in kwana a barandar Alfa, in dawo da doyar da sai an taya ni ɗauka. Mala Tanko suke ce mini. Yaran da aka haifa a gabana suka yi gemu suna sha daga wannan rijiyar, ba ta taɓa ba su kunya ba ko a ranin da ya fi tsanani.

Sai injin bohol ya shigo gari. Ku ba ku san abin da ya yi mana ba. Mota ta zo da safe, ta yi ruri, kafin la'asar ruwa na tsiri sama. Wa zai jira Tanko ya yi sati uku yana ƙwaƙular ƙasa? Masu gidajen da suke kirana Baba suka koma in mun haɗu sai su ce, "Mala, har yanzu kana nan?" Aka bar mana haƙar masai da ciro bokitin da ya faɗa. Akwai shekarar da tun daga ƙaramar salla har babba diga bai taɓa ƙasa ba. Audu ya koma dakon albasa a kasuwar Shasha da furfurarsa. Ni na sayar da igiyata ta ajiya.

A wannan shekarar ce ƙasar ƙauyen ta fara tafiya. 'Ya'yan garin da suka zauna a birni suka gano cewa mutanen Legas suna neman gona, ba don su noma ba, don su ce suna da ita. Kana tafe a gonar rogo sai ka yi tuntuɓe da turken siminti mai lamba. Babban ɗan Alfa da kansa ya sayar da tudun da ke saman garin, uban bai sani ba sai da ya ga ana kafa shingen waya. Wanda ya saya Dokita ake ce masa. Ban san ko likitan mutane ne ko na takarda ba. Ya gina bukkoki zagayayyu da jinkar ciyawa, ciki kuwa gado ne mai laushi da na'urar sanyi. Wai wurin hutawa ne, mutanen birni su zo ƙarshen mako su ɗanɗana zaman ƙauye. Suna zuwa kuwa. Na ga mace da farce kamar na shaho ta biya kuɗi an ba ta taɓarya ta daka sakwara ana ɗaukarta hoto. Iya Sikira ta riƙe haɓa ta ce mini, "Mala, wai biya suke yi su yi daka? Su zo gidana mana, ni kyauta zan ba su, har da wanke-wanke."

Kar in ci amanarsa, garin ya ɗan ji daɗi da farko. An gyara hanya, mata suna sayar da ƙwai da ayaba a bakin ƙofa, samari biyu-uku sun samu aikin shara. Abin da ya gagari Dokita shi ne ruwa. Ya kira masu bohol, motarsu ta zo bakin gadar katako, direban ya sauka ya dubi gadar ya dubi motarsa, ya juya. Dole sai haƙar hannu. Da ya tambayi mutanen gari wa ya iya, Alfa Raimi ne ya ce, "Muna da namu. Ba a taɓa jin kansa da kowa ba." Shi ya kira ni a waya, yana murna ya samo mini aiki.

Na ɗauko Audu daga Shasha muka tafi. Ƙasar tudun ba ta ba mu wuya ba. Kwana goma sha shida, a gaba shida da 'yan kai, tsakuwa ta yi zufa, ruwa ya tsattsafo, bakin dagi ya fito fari. Na yi hamdala na fito, na ce wa Dokita an gama. Ya sa aka zura injin jan ruwa. Kafin a dafa shayi injin ya fara kurɓar iska. Ya ce wannan ai ruwan alwala ne. Shi yana da bukka goma sha biyu kowacce da bayan gida, ga wani ƙaton kwamin siminti da ya gina don baƙi su yi iyo.

Na ce, "Oga, rijiyar nan in aka bar ta ta huta tana cika. A sa tanki, a ja da safe a ja da yamma."

Ya ce, "Mala, ƙara zurfi."

Na ce, "Oga, abin da ke ƙasan nan ba a huda shi. Ruwan mutanen gari a kansa yake."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da kuke yi mini in na ce hadari na zuwa wayarku ta ce babu. Ya ce shi filinsa ya saya har ƙasa, in ba zan iya ba akwai masu haƙa a Iseyin, gobe za su zo.

Muka koma gindin kashu ni da Audu. Ya ce, "Tanko, ka tuna maganar Maigida." Na ce na tuna. Na ce tsakaninmu da rijiyar gari taki ɗari uku ne da wani abu, wataƙila shimfiɗar ba ɗaya ba ce. Audu ya san na san ƙarya nake. Sai na kawo ta biyu. Na ce in mun tafi wasu za su zo su huda, su kama gabansu. Mu kuwa mun san maganin abin: in an saukar da zobba, sai a kwaɓa yumɓu a danƙare bayansu daidai inda aka huda, a daddaka shi har ya kama, ruwan sama ya rasa hanyar zurarewa. Aikin kwana uku ne. Wannan gaskiya ce, ana yi. Audu ya daɗe yana kallon tafin hannunsa da dakon albasa ya farfasa, sannan ya ce, "Allah ya sa mu toshe."

Bayan azahar na sauka. Yumɓun ya kai kamu huɗu kauri, dagi yana shiga a hankali kamar a cikin sabulu. Can sai na ji ya zarce babu tangarɗa, har na kusa kifawa. Ruwan da ke ƙwaurina ya fara juyawa. Sai ƙara, irin ta tsoho yana kurɓar kunu mai zafi. Ina tsaye ina kallo ya sauka idon sawu, ya sauka tafin ƙafa, ya tafi. Wata iska mai sanyi ta taso daga hujin ta bugi fuskata. Wallahi na ji kamar na yanka dabbar da ba tawa ba. Audu ya leƙo, ya sauko mini da bokiti.

Gaba uku muka ƙara a busasshiyar tsakuwa, muka tarar da ruwan ƙasa, mai yawa, mai ɗan warin ƙarfe. Injin ya yini yana ja bai ƙafe ba. Dokita ya rungume ni da lakata da komai. Muka saukar da zobba. Na ce saura kwana uku na toshiya. Ya ce ina, jibi baƙin Kirsimeti za su fara sauka, ba ya son su tarar da tulin laka da mutane ba riga a tsakar wurin. Bayan biki in dawo. Aka ɗora murfi, aka rataya wani guga na ƙwarya mai ado don hoto. Bayan biki na dawo, manaja ya ce Oga ya yi tafiya. Na sake dawowa, akwai baƙi. Sau huɗu ina zuwa da kuɗin motata. Daga nan na samu wani aiki a Akinyele, na ce in na gama zan koma, ban koma ba. Wannan ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko muni.

Ranin da ya biyo baya Alfa ya kira ni. Ya ce gugan Iya Sikira rabinsa laka yake fitowa, ko lokacin yasa ne ya zo da wuri? Na je na sauka. Bangon da na san shi yana zufa kusan shekara arba'in ya bushe har ya fara tsagewa. Na kwashe 'yar lakar da ke ciki don in nuna na yi wani abu. Da na fito Alfa ya ce bana ruwan sama ne ya yi ƙaranci, Allah zai kawo. Na ce amin. Da yamma na hau tudu na roƙi mai gadi na kara kunnena a murfin rijiyar Dokita. Ina jin sa, siririn ruwa yana zurara ta bayan zobe yana faɗawa ƙasa, ba dare ba rana.

Dokita ya sa an fito da famfo ɗaya ta jikin shinge, ana buɗe wa mutanen gari awa biyu da safe. Mata suka koma layi da jarkoki a bakin wayar filin da kakanninsu suka noma. Ana haka, wata ranar Asabar da rana tsaka, wasu mutane da bindigogi suka tare motar baƙi a gadar katako, suka shige daji da mutum biyar. Sun dawo da rai bayan kwanaki, bayan danginsu sun sayar da abin da suka sayar. Daga ranar ko kare bai sake zuwa hutu ba. Bayan wata biyu aka zo da mota aka kwashe janareta da katifu, aka ciro injin, aka garƙame ƙofa da sarƙa. Famfon jikin shinge ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Kun san a kan wa irin wannan take faɗawa. 'Yan banga suka kafa shinge a mararraba, duk mai kama da ɗan arewa sai an sauke shi. Ranar da na je suka zazzage buhuna: diga, dagi, igiya gaba ashirin. Wani yaro da bai kai ɗana na uku ba ya ɗaga igiyar ya ce, "Ta ɗaure wa ce wannan?" Na amsa masa da Yarbancin da ya fi nasa tsabta, na gaya masa unguwar da aka yanke mini cibiya. Ya ce masu satar ma suna jin Yarbanci. Na yini zaune a ƙasa cikin rana, sai da aka je aka ɗauko Alfa a babur ya ce, "Mala ɗinmu ne, shi ya haƙa mana rijiya." Da ya faɗi haka na rasa inda zan sa idona.

Mata suka koma rafi, ta cikin kurmin da yanzu kowa ke tsoro. Ba sa tafiya sai a ayari, maza biyu da bindigar toka a gaba da baya. Namijin da ya raka mata rafi kuwa ranar ba shi ba gona. Doya ta fara kwana cikin ciyawa. Mai ɗa a Ibadan ya tattara ya bi ɗansa, mai 'ya a Oyo ya bi 'yarsa, kowa ya tashi sai ya sayar da gonarsa a kan abin da aka taya.

Muka je ƙofar Dokita ni da Alfa da Audu. Mai gadin, wani tsoho da ba a ma tuna da shi ba, ya kira wata lamba ya miƙa mini wayar. Wata murya ta ce Oga yana ƙasar waje, wurin an sa shi a kasuwa, lauya ya ce kada a taɓa ko tsinke, duk wanda ya shiga ɓarawo ne. Na ce kwana uku kawai nake so in toshe hujin rijiyar, ba na son ko sisi. Aka kashe wayar. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Audu ya ja ni gefe ya ce mu haura ta baya mana, tsohon nan ba zai hana ba. Na ce, "Audu, Hausawa biyu da igiya da diga, a cikin gidan da aka sace wa baƙi? Ba za a ma kai mu wurin 'yan sanda ba." Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.

Abin da ya rage shi ne in bi ruwan inda ya tafi. Na sauka rijiyar Maigida da dagi, na huda farin yumɓun da aka taɓa daka mini tsawa a kansa, tunda babu sauran abin da yake riƙewa. Na sa rai in na ƙara gaba uku zan tarar da ruwan ƙasa kamar na tudu. A gaba biyu dagi ya yi ƙara ya dawo mini har kafaɗa. Fa ne, baƙin dutse shimfiɗe daga bango zuwa bango. Kwana goma sha ɗaya ina dukansa, wuta tana tashi, bakin dagi ya lanƙwashe, abin da na ɓantara bai cika bokiti biyu ba.

Ranar da na haƙura na fito, Alfa yana zaune a bakin rijiyar a kan buzunsa, ya tsufa ƙwarai. Na zauna a ƙasa a gabansa na gaya masa komai: abin da Maigida ya ce, abin da na huda, kwana ukun da ban yi ba, da amin ɗin da na ce masa alhali na sani. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce da Hausarsa, "Mala Tanko, ɗana ya sayar, ni na kira ka, kai ka huda. Wa zai kai ƙarar wa?" Ya kira Iya Sikira ya ce a kawo mini abinci. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ranin bana, ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka, wayata ta yi ƙara bayan asuba. Iya Sikira ce. Ta ce Alfa ya cika. Ta ce, "Mala, ka zo da diga. Babu mai ƙarfin haƙa a garin."

Gida bakwai suka rage, duk tsofaffi. Ɗan nasa yana Legas, ya ce a yi jana'iza kada a jira shi. A ƙofar gidan Alfa suka nuna mini, kamar yadda suke binne manyansu. Ƙasar ta yi tauri kamar marmara, ni da Audu muna karɓa-karɓa, ba mu gama ba sai da rana ta take. Na fito na tarar ba a yi masa wanka ba. Ayarin rafi ba ya fita sai an samu masu rakiya, masu rakiyar kuwa su ne suke zaune a gaban gawa. Aka tura mai babur mararraba ya ɗauro ruwan leda.

Tsofaffi biyu suka tsuguna a baranda da bokiti a tsakaninsu, suna yaga ledar da haƙoran da suka rage musu, suna matsewa a hankali kada ya fallatsa. Da wannan aka wanke limamin da ya yi shekara arba'in yana alwala a bakin rijiyarsa. Muka sallace shi mu tara, muka sa shi a ramin da na haƙa, muka mayar da ƙasa.

Ina ɗaure kayana Iya Sikira ta fito. Ta dubi hannuwana, jar ƙasa har gwiwar hannu. Ta koma ciki ta dawo da leda ɗaya da aka sha rabi, ta riƙe bakin da yatsa biyu, ta ce in tara hannu ta zuba mini.

Na ce, "Iya, bar shi ki sha. In na isa Ojoo na wanke."